Ranar da Kaka Ta Kira Sunan Baba

Jiya da hantsi ina tankaɗen garin masara a tsakar gida, sai rediyon maƙwabta ya saki kiɗan badujala. Ashe shiri ne kawai na 'yan makaranta masu fareti. Amma kafin in gane haka rariya ta riga ta suɓuce mini, gari ya watse a tabarma. Na zauna ina ta salati ni kaɗai, mace mai 'ya'ya biyar, gabana yana faɗuwa kamar na 'yar aji uku. Bari in gaya maka dalili, mai karatu.

A wani ƙauye na tashi, can gefen Dingaya a ƙasar Gwaram. Babanmu malamin firamare ne kafin mutanen mazaɓarmu su matsa masa ya tsaya kansila, ya kuma ci. Abin da kujerar ta kawo mana bai wuce babur ɗin hukuma da cikar zaure ba. Tun da sassafe ake sallama. Wannan rijiyar unguwarsu ta rufta, wancan shanu sun shiga gonarsa. Na taɓa ganin wata tsohuwa ta tsaya a kansa tana kaɗa yatsa.

"Malam, da ƙafata na je na yi maka layi a rana. Ina maganin asibitin da ka ce?"

Shi kuwa sai ya sosa ƙeya ya ce, "A yi haƙuri, Inna, ana kai."

Mahaifiyarsa, Kakarmu, tana tare da mu. Baba ne ɗanta na fari, kuma a wajen matan zamaninsu ɗan fari abin kunya ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta amsa cewa ita ta haife shi. In ya durƙusa gaishe ta, bango take kallo ta amsa. In za ta ambace shi sai ta ce "mutumin zaure". Amma duk ranar da ta dama fura, mai kaurin ita take warewa a ƙaramar ƙwarya, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba: "Kai wa mutumin zaure." Kowa a garin ya san haka, ba wanda ya taɓa ɗaukar abin da wata fuska.

Lokacin girbi ne. An yanke dawa, zangarniya jibge a gonaki, gari duk ƙamshin sabuwar gyaɗa. Wata safiya Baba ya kunna rediyo, maimakon labarai sai badujala. Can aka yi magana da Turanci, aka maimaita da Hausa: soja sun karɓi mulki, an rushe duk kujerun da aka zaɓa, mai riƙe da kayan gwamnati ya mayar nan take. Kokon da ke hannun Baba har ya huce bai kai shi baki ba. Ranar ba wanda ya yi sallama a zaurenmu.

Babur ɗin kuwa ba ya gida. Ƙanin Baba ya ɗauki wani maƙwabcinmu da maciji ya sara a kansa zuwa asibiti a Birnin Kudu, ya tsaya jinyarsa. Babu waya a lokacin. Baba ya ce da ya dawo za a mayar. Kwana uku suka wuce a haka.

A rana ta huɗu maza duk suna gona suna ɗaurin dami. Innarmu tana cikin ɗaki da jaririya. Ni da Kaka muna zaure muna ɓarar gyaɗa, sai muka ji ƙugin mota, irin wanda ba mu saba ji ba. Ta tsaya daidai ƙofarmu. Soja uku suka sauko. Babbansu da ƙyar yake haɗa Hausa, amma akwai wani a cikinsu da na ji ya ce "salamu alaikum" ƙasa-ƙasa, da harshe irin namu.

Babban ya duba takarda ya karanto sunan Baba. "Mama, ke ce uwarsa?"

Kaka ta kau da kai, hannunta bai bar gyaɗa ba. "Ni ban haifi kowa ba. Ɗan mutanen gidan nan ne."

Abin da take faɗa wa kowa ke nan shekara da shekaru. Ko baƙo ya tambaya haka take cewa, a yi dariya a wuce. Ba ta san cewa a bakin gari an riga an gaya musu uwar kansila tana zama a zaure ba.

"An ce ke ce! Faɗi sunan ɗanki!"

Kaka ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Sojan nan mai harshenmu ya ɗan matso ya ce, "Oga, ai al'ada ce, ɗan fari ne shi ya sa..." Tsawa ɗaya aka daka masa, ya haɗiye sauran maganar ya ƙame. Babban ya sa takalmi ya yi fatali da ƙwaryar da ke gabanmu, gyaɗa ta watsu har waje. Sannan ya juyo kaina. Ya tsuguna, bakin bindigarsa ya taɓa ƙasa kusa da ɗan yatsan ƙafata. Har yau ina jin warin man bindigar nan da gumi.

"Yarinya, ina babanki?"

Hannuna ne ya ɗaga da kansa, ya nuna hanyar gonarmu.

Ba a daɗe ba suka taho da Baba a gaba, ƙaiƙayi a gashinsa, ba hula. Ya yi ta bayanin babur da saran maciji, ba wanda ya saurara. Babban ya ce sun ɓoye kayan gwamnati, sun kuma koya wa tsohuwa ƙarya. Aka ce Baba ya kama kunne ya yi tsallen kwaɗo, a nan ƙofar gida, yaran da ya koya wa karatu suna leƙe ta bayan danga. Ya yi ɗaya, ya yi biyu. A na uku gwiwarsa ta ƙi, aka ɗaga bulala.

Sai na ji Kaka ta miƙe. Ko sandarta ba ta ɗauka ba. Ta fito rana, ta tsaya tsakaninsa da bulalar, ta kira sunansa. Cikakke, har da na mahaifinsa, da murya mai ƙarfin da ban san tana da ita ba.

"Ɗana ne. Ni na haife shi, a ɗakin can. Ba ƙarya na yi muku ba, kunya na ji. In dukan ne ga ni."

Daga cikin gidaje aka ɗauki salati. Baba bai yi hawaye don tsallen kwaɗo ba, amma da ya ji sunansa a bakinta sai ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna girgiza.

An sauke bulalar, amma ba a bar shi ba. Suka jefa shi bayan mota suka nufi Birnin Kudu. Washegari ƙaninsa ya ji labari ya kai babur ɗin, aka karɓa, aka ce a jira umarni daga sama. Ba kotu, ba takarda, ba wanda za a tambaya. Mai gari da kansa cewa ya yi sai addu'a. Kwana tara muka yi a haka. Dawarmu ta zauna a gona sai da 'yan uwa suka kwaso. Kaka ba ta barin buzun sallarta. Ni kuma na daina magana, ko motar kasuwa na ji sai in shige ƙarƙashin rumbu. A dandali yara suka ƙirƙiro sabon wasa: mai sanda shi ne soja, sauran su kama kunne. Ban taɓa shiga ba.

A rana ta goma Baba ya dawo a ƙasa daga bakin titi, an aske masa kai, ya rame. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta. Ta juya ta kalli bango ta ce, "Sannu da hanya." Har ta koma ga Allah ba ta sake kiran sunan ba. Shi kuma ya koma aji da allinsa, bai ƙara tsayawa takarar komai ba.

Yanzu zamani ya juya. Uwa tana ƙwala wa ɗanta na fari kira daga nan har bakin titi, ba mai juyowa. A gidan biki ko a Islamiyya kuma nakan ji mata, tsadar abinci ta ishe su, suna cewa gara soja su dawo su gyara ƙasa. Ba na ganin laifinsu, ni ma da gwangwani nake auna shinkafa. Sai dai yawancinsu ba a haife su ba a lokacin. Nakan ce musu wanda kuka zaɓa, in ya gaza, za ku iya zaginsa a rediyo, ku jira zaɓe ku kayar da shi. Mai bindiga kuwa ko na kusa da shi bai isa ya ƙarasa magana ba, balle ke.

Bara Baba ya zo ganin likitan ido ya sauka a gidana a nan Birnin Kudu. Ina zuba masa ruwan alwala, ban san lokacin da na ce, "Baba, ni ce na nuna musu gona" ba. Shekara sama da talatin ina ɗauke da maganar nan.

Ya kalle ni da idon da bai cika gani ba.

"Haba, 'yar nan. Tun a mota suka gaya mini, suna dariya. Shekararki nawa a lokacin, tara? Ai ba ke za a tambaya gobe kiyama ba. Wanda ya tsuguna gaban yarinya da bindiga za a tambaya." Ya miƙo hannu. "Zubo ruwan, lokaci yana wucewa."