Hagun Egya Bentsil

Sai da aji ya yi tsit sannan na ɗaga kai na ga abin da na saki a kan allo. 

Egya Bentsil ɗan masunci ne daga Moree, wani gari a bakin teku. Shekara talatin da ɗaya yana koyar da labarin ƙasa a kwalejinmu, kullum da dokunu, wato tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi a jakarsa. Bara waccan shanyewar ɓarin jiki ta kashe masa hannun dama. Ya dawo yana aiki da hagu, kuma ko takarda zai miƙa wa ɗalibi sai ya ce, "A gafarce ni da hagu." Dattijo yana ba sa'o'in jikokinsa haƙuri sau ashirin a yini.

Da na gama digiri aka turo ni bautar ƙasa a wajensa. Ɗalibanmu ba sa tambayar babba a fili, sai na kawo shawara su riƙa turo tambaya ta waya ba suna, ni in tace in saki.

Ya ce mini, "Araba, wato bakinsu ya koma yatsa?"

"Egya, a gwada dai."

"To, ke ce mai tsaron ƙofa. Kada akuya ta shigo mini."

Mako uku yana murna, tambayoyi har sun fi lokaci yawa. Ranar Talata, yana nuna taswira da sanda, wani ya turo: "Tsohon nan da hagu yake nuna garin ubanmu. Ba shi da 'ya'yan da za su zaunar da shi a gida?"

Dariya na yi. Na so in ɗauki hoton saƙon in tura wa ƙawata, sai na danna saki.

Ya karanta a fili har ƙarshe, kamar yadda yake yi wa kowace tambaya. Ya jingine sandar, ya fita.

Ranar Asabar na ɗauki kawuna Kobina ya je ya roƙar mini gafara. Matar Egya, Maame Kuukua, ta tare mu a baranda, na durƙusa.

"'Yata, tashi, gwiwarki za ta yi ƙura. Ya rubuta takardar barin aiki, tana kan tebur, bai sa hannu ba."

Na ce mata kuskuren yatsa ne. Ban faɗi dariyar ba.

Ta ce idan ya yanke shawara za ta kira kawu. Yau kwana biyar, ba ta kira ba.