In Tsaya ko In Wuce?

Duk abin da na manta na aikin jandarma, ban taɓa mantawa da ranar da muka tsare Iliyas ba. Lokacin ina da muƙamin adjidan a wani bariyar, wato shingen binciken motoci, da ke hanyar Fachi, shekarun da doka ta hana ɗaukar baƙin haure zuwa arewa.

Ku yaran yanzu ba ku san direbobin hamadar Tenere na da ba. Ƙa'idarsu guda ce: in ka ga mutum a rairayi, ka tsaya. Ba ka tambayarsa takarda, ruwa kake miƙa masa. Iliyas irinsu ne. Hatsi yake kaiwa Fachi, ya dawo da gishiri da dabino, kuma kowa a tsohon garin Agadas ya san kamiyonsa, babbar motar kayan nan tasa.

Ran nan da hantsi sai ga shi da baƙi biyar a kan buhuna, leɓunansu duk sun tsage. Wanda ya ɗauko su ya hango sintiri, ya zubar da su ya gudu. Bariyarmu ne wuri mafi kusa da ke da ruwa, shi ya sa Iliyas ya kawo su.

Liyetnanmu, shugabanmu a wurin, ba mugu ba ne, amma doka ce a hannunsa. Ya ce, "Adjidan, baƙi babu takardu, mota ta fuskanci arewa. A tsare shi."

Na ce, "Mon liyetna, tsintar su ya yi."

Ya ce, "Wannan sai ya faɗa wa alƙali."

Haka tsarin yake: mu namu tsarewa da ɗaukar bayani, hukunci na kotu ne. Aka kai shi gidan kaso. Baƙin suka ba da shaida, aka sake shi bayan 'yan makonni.

Kotu ta wanke shi, unguwa ba ta wanke shi ba. 'Yan kasuwa suka daina ba shi kaya, wai motarsa ta shiga idon hukuma. Mutumin da ake tashi a ba shi tabarma ya koma "wanda aka kama".

Bayan na yi retret, na ajiye aiki, na same shi a bakin tasha yana dafa shayi. Ya tsufa, ya samu ɗan lodi da ƙyar. Ya miƙo mini kofi, ya ce, "Adjidan, kai ka san doka. Gobe zan fita. In na sake ganin mutane a rairayi, in tsaya ko in wuce?"

Na karɓi kofin. Direban Tenere yau yana tambayar ko ya tsaya!

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan: hali guda, jiya a kira shi mutunci, yau a kira shi laifi, kuma sunan ba ya goguwa. Ina kewar zamanin da irin su Iliyas ba sa buƙatar tambayar kowa.