Barba Tarcisio, Mai Ƙwace Ƙafar Keke

Shekara talatin da huɗu ke nan, kullum ƙarfe bakwai Barba Tarcisio yake buɗe shagonsa na gyaran keke da ke gindin dutse, ya ɗora kofi a wuta. Barba, wato kawu, haka kowa ke kiransa a nan. Idan saura mako ɗaya a yi doguwar tafiyar keke ta kilomita ɗari shida da ake yi duk shekara, za ka tarar da ƙafafun keke sun kai ashirin rataye a rufin shagon, kowace da sunan mai ita. Wani lokaci suna juyawa a hankali, alhali babu iska. Ba na son shiga da 'yata Nives a irin ranakun.

Masu wannan tafiya a kwarinmu ma'aikata ne, ba 'yan wasa ba. Mijina Ermes a masana'antar kujeru yake, ga jaririya a gida, da ƙyar yake samun awa biyar na atisaye a mako. Tarcisio ne ya tsara masa: ya riƙa zuwa aiki a keke, Talata da Alhamis ya hau tudun bayan coci sau shida, Lahadi ɗaya a wata ya yi nisa, ya saba da cin abinci yana tuƙi. Makon ƙarshe kuwa barci kawai. Da yake ya san halin mutanenmu, cire ƙafar gaba yake yi ya rataye. Mai ƙarancin lokaci, in ji shi, a makon ƙarshe yake son rama duk abin da ya wuce shi. Haka ƙanensa Gelindo ya yi. Barci ya sace shi a kan keke, sai bayan kwana uku aka gano shi a ƙasan kwazazzabo.

Bara Nives ta yi mako biyu tana zazzaɓi. Ermes bai hau keke ba, bai kuma samu barcin kirki ba. Saura kwana huɗu, ya tashi daga aikin dare da safe, ya ari ƙafa a wurin maƙwabci, ya bar min takarda a kan tebur. Da rana ta take wayarsa ba ta shiga, na suri yarinya na ruga shago.

"Barba, ya hau dutse!"

Ya ɗaga kai. "Da wace ƙafar? Ga tasa can."

"Ta aro."

"Jakin banza! Zauna nan, 'yata."

"Ba zan zauna ba."

"To riƙe yarinya da kyau, motar nan ta girme ki."

Muka shiga motarsa muka bi hanyar dutse. Gajimare ya sauko har kan kwalta, ko hancin motar ba ma gani sosai. A wani ƙauye da aka watse tun bayan girgizar ƙasa, inda itatuwa suka tsiro a cikin ɗakuna, ya kashe mota ya kasa kunne. Sai muka ji ƙas, ƙas, ƙas. Keken na yashe a ƙasa, ƙafar baya tana juyawa. Ermes na zaune a dokin ƙofar wani gida marar rufi, taki biyu daga bakin kwazazzabo, ido buɗe, hannunsa a dunƙule kamar mai riƙe da kofi.

"Na gode, Kaka, ya isa haka," yake cewa.

Na buɗe baki, Tarcisio ya damƙe min hannu. "Kar ki kira shi. Mai barci ido buɗe, in ya firgita gaba yake zabura."

Ya lallaɓa ya zauna tsakaninsa da ramin.

"Ermes, ka gaisa da masu gida?"

"Mun gaisa. Sun ce in kwana."

"Sun kyauta. Amma ka bar polenta, tuwon masararmu, a wuta, matarka za ta cinye mu ɗanye. Yi musu sallama."

Da ya miƙar da shi, sai na ga tsohon ya cire hularsa, ya fuskanci ƙofar da babu kowa, ya ce, "A yi haƙuri. Wannan yana da ƙaramar yarinya."

Awa goma sha huɗu Ermes ya yi yana barci. Bai tuna komai ba. Bai yi tafiyar a bara ba, don Tarcisio ya ƙi sakin ƙafar. Bana ya bi tsari, ya gama a awa talatin da takwas.

Kai ne, Barba, wanda ya yarda a zage shi a bakin shago, muddin ba za a je jana'iza ba. Kai ne katangar bakin rami. Ba a taɓa rataya maka lambar yabo ba, amma gidaje nawa ne ake dafa abincin mutum uku a cikinsu saboda kai?

Ƙarshen watan nan zai rufe shago, hannuwansa sun fara rawa. Don haka nake roƙon duk mai wani nasa da ke shirin doguwar tafiya: ki duba idon mijinki, ka duba na matarka, kada ku ji kunyar hanawa. Fushin kwana huɗu ba ya kisa.

Mun gode, Barba. Yanzu haka Ermes na kan kujera yana minshari, Nives kwance a ƙirjinsa. Wannan minsharin, kai ka dawo min da shi gida.