Kunnen Réjean na Hagu

Shekara talatin da ɗaya Réjean Lachapelle ya yi yana jera lasifikoki a zauren kiɗanmu na Montréal. Ni Solange ina cikin masu haɗa kiɗan da ake sakawa a can, kuma tun ina ɗaliba na same shi a kan tsani.

Kiɗanmu ba shi da makaɗi a dandamali. Mukan naɗi ƙarar ƙofa ko ta jirgin ƙasa ko ɗigar famfo, mu yi watanni muna sarrafa ta a na'ura. Ranar wasa sai a kashe fitilu, mai kiɗan ya zauna tsakiyar jama'a gaban teburin maɓallai, yana tura sautin daga wannan lasifika zuwa waccan, gaba da baya da bisa kai. Lasifikokin guda arba'in da takwas ne. Réjean ke fito da su daga ɗakin ajiya, ya rataya, ya ja musu waya, bayan kwana uku ya sauke. Masu sauraro kuwa in sun kai sittin, mun yi kasuwa.

Sau ɗaya matarsa Ghislaine ta taɓa zuwa. Ana kunna fitilu ta ce, "Yanzu a kan wannan kake karya bayanka? Ai firijinmu ma yana yi, kuma ba ya jiran tafi."

"Firijinki ba ya zagaya ɗaki," in ji shi.

Shi ma bai taɓa cewa ya gane kiɗan ba. In an tambaye shi sai ya ce ma'ana ta masu ilimi ce, shi dai ya san inda sauti ya fito da inda ya nufa. Yakan tsaya tsakiyar zaure ido rufe ya ce, "Lasifika ta sha bakwai tana mura." A duba, a tarar waya ce ta saki.

Wata ranar Fabrairu da azahar muna gwajin kiɗana. Akwai wani siririn sauti da na naɗo daga ƙanƙarar kogi tana tsagewa. Ina tura shi hagu, lasifika ta tara ta ƙwala wata ƙara mai tsini, har na toshe kunnuwa. Réjean yana tsaye daidai ƙarƙashinta yana cin burodinsa, ko gezau.

Na ce, "Réjean, ba ka ji ba?"

"Me?"

Ya dubi fuskata, ya ajiye burodin a hankali.

"Tun yaushe?" na tambaya.

"Shekara biyu. Kunnen hagu ne. Likita ya ce siraran sautuka sun tafi ke nan."

"Shi ne ka yi shiru?"

"In gaya wa wa? Ke da in an gusar da kujera ɗaya sai ki kwana uku kina mita?"

A nan na gane abin da ya sa aikin yini guda ya koma masa yini biyu. Zagaya zauren yake yi sau biyu, yana juya kunnen dama ga kowane bango. Mu kuwa muna cewa ciwon gwiwa ne.

Ban kai maganar gaban shugabar zaure ba. Na ce masa kafin kowane wasa zan zo mu zagaya tare, ni in saurari hagu. Haka muka yi har wata uku. Ina ce masa "nan akwai tsaki," shi yana hawa tsani yana gyara abin da ba ya ji. Bai taɓa yin ƙorafi ba, amma ya daina zolayata, kuma in ya sauko sai ya daɗe zaune a kan akwatin kaya. Abin ji da likita ya ba shi ma a aljihu yake barinsa, wai yana tara masa duk sautin a kan hanci.

A watan Mayu ya je da kansa ya faɗa wa shugaba. Aka yanka masa kek na bankwana a ɗakin ajiya. Wadda ta gaje shi, Maryse, da makirufo da kwamfuta take auna zauren, cikin awa biyu ta gama. Ya tsaya ya kalli yadda take yi, ya ce, "Madalla. Ina ma kin zo da wuri."

Bayan haka na sha gayyatarsa, kullum da uzuri: yau gyaran katangar gida, gobe wahalar hawa matakalar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Sai a Oktoba ya zo wani wasan Lahadi da rana. Ya zauna can ƙarshen hagu don kunnen dama ya fuskanci zaure. Kafin a kai rabi na hango kansa ya langaɓe, barci ya ɗauke shi.

Da aka tashi na ce, "Tsoho, har minsharinka ya shiga kiɗan."

Ya shafa hannun kujerar. "Ashe haka suke da laushi. Ban taɓa zama a kansu ba."

Ya sa hularsa, ya ce bari ya kama bas kafin ruwa ya sauko.