Ramin da Tudu Ya Haƙa a Rumfarsa

Duk wanda ya shiga rumfar Tudu abin da zai fara gani rami ne a tsakiyar ƙasa an rufe shi da katako, kuma ba sai ka tambaya ba, shi da kansa zai ba ka labarin yana dariya har da dukan cinya.

Tudu makanikin jirgin ruwa ne, ƙananan nan masu inji a ciki da ƙafa a baya. Ƙafa ita ce ƙarfen nan da ke leƙowa ta bayan jirgi ɗauke da farfela, direba ya danna ta ɗaga ya danna ta sauka. To duk wata cuta ta ƙafar nan Tudu ya san ta, amma ruwa kam ko kusa. Shi ya sa ma ake ce masa Tudu. Wai tun yana ƙarami ya zame a bakin ruwa ya sha ya ƙoshi, daga ranar suka yi sallama, yakan ce ko wanka zai yi sai ya leƙa bokitin ya ga zurfinsa tukuna. Da gyaran babur ya fara, ya koma janareto, ya koma injin ban ruwa, rannan wani ya jawo masa jirgi a kan tirela ya ce duba min, shi ke nan ya maƙale. Har furfura ta fito masa yana gyaran jirgi bai taɓa hawa ko ɗaya ba sai a kan tirela, nan kam zai haye ya riƙe sitiyari ya yi ta hura hanci kamar wani babban direba. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya, aikinsa ba ya dawowa.

Sai ga jirgin Auta. Auta ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ke tsallakar da mutane da kayansu zuwa wancan gefen kogi, ga baki kamar reza. Ta ce Yaya agogon ƙafa ya mutu, allurar ta kwanta ko motsi ba ta yi, ban san ko ƙafar tana sama ko tana ƙasa ba sai dai in yi ta canka.

Tudu ya ce wannan ai aikin yara ne. Ya fara da agogon, ya cire wayarsa ya taɓa ta a jikin ƙarfe allura ta yi tsalle, to agogo lafiya lau. Ya zagaya baya. A gindin ƙafar akwai wasu 'yan faya-fayai baƙaƙe guda biyu kamar murfin kwalba, ɗaya dama ɗaya hagu, su ne sensa. Ɗaya ke gaya wa agogo inda ƙafa take, ɗaya ke hana ta ɗagawa ta wuce ƙa'ida. Ya sa mita, shiru. Ya ja wayar kaɗan sai ta biyo hannunsa, duk ta ruɓe ta yi kore shar. Ya sayo sababbi, ya sha wahalar zura wayoyin ta ɗan ramin nan da ko yatsa ba ya shiga, ya shafa giris. Dokar aikin ita ce ka sauke ƙafa har ƙarshe, sannan ka haɗa 'yar alamar da ke jikin sensa da 'yar'uwarta ka ɗaure. Ya danna, ƙafa ta sauka ta tsaya cak, ya haɗa alama, ya ɗaure. Ya ɗaga allura ta ɗaga, ya sauke allura ta sauka. Ya ce Auta zo ki kwashi kayanki.

Washegari sai ga tirela ta dawo.

"Yaya me ka yi wa jirgina? Allura ta ce ƙafa na ƙasa, na ba shi wuta, sai ya ɗaga hanci sama yana tsalle kamar akuya. Wata tsohuwa har ta fara barin wasiyya!"

Ya sake dubawa, komai daidai. Ya canza agogo, jirgi ya dawo. Ya canza wayar ƙasa, wadda ake ɗaurawa a jikin ƙarfe, ya wanke kan batir, ya ma zargi sababbin sensan ya mayar wa mai shago suka yi ta cacar baki, jirgi ya sake dawowa. Mutanen bakin ruwa suka fara leƙowa suna gaishe shi gaisuwar da ba ta Allah ba, sannu da aiki Tudu, jirgin Auta ya kama haya a nan ne?

Ran nan Auta ta zo ko zama ba ta yi ba.

"Yaya, a rumfarka lafiyarsa ƙalau, a ruwa yake hauka. Ko ka shigo mu je ka gani da idonka, ko in kai wa Dogo."

Dogo fa yaronsa ne na da, shi ya koya masa riƙe sifana, yanzu ya buɗe tasa rumfar can gaba kuma shi yana shiga ruwa ya gwada aiki. A ce jirgin gidansu, na ƙanwarsa, an ɗauke daga hannunsa an kai wa Dogo? Ai gara ya rufe rumfar ya koma facin taya.

"Auta ki ji tsoron Allah, ni ne fa na goya ki."

"Ka goya ni a tudu. Gobe da safe."

Da ya gaya wa matarsa sai da ta ajiye abin da ke hannunta ta zauna don dariya. Ta ce Baban yara in ce dai ka nuna min inda kake ajiye makullin rumfa? Ya ce ke ma kin bi bayansu ko. Amma ita ce ta aro masa rigar nan mai hana nutsewa, ya sa ɗaya ya ce a ƙaro, ya ɗora ta biyu a kai, ya kuma ɗaura jarka a ƙugu. Yakan ce da ya iso bakin ruwa tafiya yake kamar katifar da aka naɗe, masu kamun kifi suka bar komarsu suka zo kallo.

Bai zauna a kujera ba, a ƙasan jirgi ya durƙusa kusa da ƙafar Auta ya runtse ido yana karanto duk addu'ar da ya sani har da ta cin abinci. Auta ta danna madannin saukarwa, famfon da ke motsa ƙafar jirgi ya yi kukansa wiii, allura ta kwanta ƙasa, ta ɗauke yatsa.

"Ka gani? Ƙasa ko? To riƙe da kyau."

Ta ba jirgi wuta. Jirgi ya ɗaga hanci ya faɗo tim, ya ɗaga ya faɗo tim, Tudu ya ƙwala ihu yana kiran innarsu da ta daɗe da rasuwa, ya kai hannu ya cafke abin da ya samu. Ashe hannun giya ya cafke, babban yatsansa a kan madannin saukarwa, ya matse shi iya ƙarfinsa.

"Yaya sake min! Za ka kashe mu!"

Ina, bai saki ba. Kuma cikin tsoron nan kunnensa na makaniki ya ji wani abu, famfo na ta kuka wiii, ƙafa na ci gaba da sauka. Allura ta ce an kai ƙarshe tun ɗazu, to ina take zuwa? Sai hancin jirgi ya kwanta, tsalle ya tsaya, jirgi ya miƙe sumul.

Ya buɗe ido ɗaya. Ya ce Auta, ƙasa ce.

"Wace ƙasa kuma, a tsakiyar ruwa?"

"Ƙasar rumfata! Tirelarki gajera ce, in na sauke ƙafa sai ta dafa ƙasa ta tsaya, ni kuma in ce ta kai ƙarshe in haɗa alama. Ke kuma kina ganin allura ta kwanta sai ki ɗauke yatsa, ƙafa na rataye a rabi. Wayyo ni, tun farko da daɓen rumfata nake ta gwaji!"

Auta ta yi dariya har ta kusa sakin sitiyari, ya ce don girman Allah ki riƙe, ki yi dariyar a tudu. Daga nan kuma ya leƙa gefen jirgi, abin da ya karya da shi duk ya bar wa kifi.

Suna fitowa ko rigunan bai cire ba ya ari diga ya hau haƙa a tsakiyar rumfa. Aka turo tirela ƙafa ta saitu da ramin, ya danna ta sauka ta sauka har ta kai ƙarshenta na gaskiya, ya kwance sensa ya haɗa alama ya ɗaure. Auta ta tafi, jirgi bai dawo ba, Dogo ko ƙyallinsa bai gani ba.

Yanzu ko wane jirgi aka kawo sai an ɗora ƙafarsa a kan ramin nan. In aka ce Tudu yaushe za ka sake shiga ruwa, sai ya taka katakon ya ce me ya yi zafi, ga nawa kogin nan na haƙa, kuma ko an yi ruwan sama ya cika shi iyakarsa gwiwata.