Duk Inda Kuka Ga Ya Dace

Har in koma ga Allah ba ni mantawa da ranar da aka tambaye ni abin da nike so a aikin soja. Masu zuwa shagona a nan Kankiya neman shawara kafin su shiga aikin sun cika tambayata, "Saje Lawal, kai da ka yi sojan sama, mi ya hana ka tuƙa jirgi?" To ga amsar a rubuce, a bar ni in huta.

Bayan an gama yaƙin basasa, lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa, ina gida Kusada ina noma, don na bar sakandare a aji uku da mahaifina ya rasu. Kawu Ila, wanda ya yi sojan ƙasa ya dawo yana ɗingishi, shi ya zaɓa mani ɓangare. Ya ce, "Sojan ƙasa in ya gama sai gadi, ga ni nan kana gani. Na ruwa kuwa, kai da ko kududdufi ba ka iya tsallakewa? Tafi na sama. An ce 'yan Arewa sun yi ƙaranci a tuƙin jirgi, ba su tsananta maganar takarda."

Na tafi Kaduna. Tsarin shi ne, in kurtu ya gama horo sai a yi jarrabawa. Waɗanda suka yi ƙoƙari a lissafi da Turanci likita ya duba masu ido da kunne da ƙirji. Wanda ya tsallake sai ya je gaban hafsoshi uku, wato manyan da ke ba da umurni, su raba mutane: wasu koyon tuƙi, wasu gyaran inji, wasu sito. Na tsallake jarrabawa da gwajin likita duka, saura hafsoshin. Tun ina kiwon awaki nike ɗaga kai in jirgi ya gitta, ba abin da nike so kamar shi.

Shugaban zaman mutumin Kudu ne. Na gefenshi Bakatsine ne, matuƙi, daga jin Hausarshi ka san namu ne. Shugaban ya ce da Turanci, "Kana son ka tuƙa jirgi?"

A gidanmu yaro ba ya faɗa wa babba yana son abu. Ko riga aka ce kana so, ƙasa za ka duba ka bar mashi zaɓi, shi kuma ya gane kana so ke nan. Na duba ƙasa na ce, "Duk inda kuka ga ya dace, ranka shi daɗe."

Ya ce, "Kai nike tambaya. Kana so ko ba ka so?"

Na ƙara sunkuyawa na maimaita. Ya dubi Bakatsinen, Bakatsinen ya dubi silin. Aka ce in fita. Washegari aka kira ni cikin masu gyaran inji. Ba a ɗaukaka ƙara a wanga aiki. Kafin a sake ɗiba kuma an ce sai mai cikakkar takardar sakandare.

Bayan wasu shekaru, ina kofur, aka sa ni duba injin jirgin da Bakatsinen nan zai tashi da shi. Ƙa'ida ce sai makaniki ya tabbatar kafin matuƙi ya hau. Muna mu biyu ƙarƙashin fiffike na ce, "Ranka shi daɗe, ranar nan ai ka gane abin da nike nufi."

Ya ce, "Na gane sarai, ɗan Kusada."

"To mi ya sa ba ka yi magana ba?"

Ya ce, "In inji ya mutu maka a sama, wane babba za ka bar ma zaɓi?" Ya hau abinshi, na janye katakon da ke tare taya, ya tashi.

Ban ce ya yi gaskiya ba. Ladabi daban, tsoro daban, kuma ya san bambancin, kalma guda daga bakinshi da ta isa. Na yi aikina na injin har na fita da igiya uku, ba jirgin da ya taɓa faɗuwa daga hannuna. Abin da na koya dai shi ne, aikin nan ba ya fassara kunyar kowa, kuma naka da ke kan kujera ba zai fassara maka ba. Gaida manya a gida ka durƙusa. In ka je can aka ce mi kake so, ɗaga kai ka faɗa, don sau ɗaya suke zaunar da mutum.