Tsumman da ke kan rufin Tartsatsi

Shekara talatin da huɗu Tartsatsi ya yi yana walda a layin masu sana'a. Ƙofar kowane shago a layin aikin hannunsa ce, amma a wannan shekarar ba mai amsa masa gaisuwa da daɗin rai.

Wutar layin daga manyan fankoki take zuwa, waɗanda aka kafa can kan tudu, iska na juya su. Kamfanin wuta ya maƙala fitila a jikin falwaya. In ta nuna kore, iska na kaɗawa a tudu, kowa ya kunna injinsa. In ta nuna ja, a kashe manyan injuna, a bar ƙwan fitila da firji. Wanda ya kunna a kan ja, wutar layin gaba ɗaya ke faɗuwa. In ya yi sau uku, a cire masa mita.

Tartsatsi ya yi sau biyu.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne hasken walda ya ci masa ido. Daga bakin shagonsa ba ya bambance ja da kore. A da 'yarsa ce ke ɗinki a rumfar gaban shagon, takan ce, "Baba, ja ce," ba tare da ta tsayar da keke ba. Bara ta rasu. Ya san in aka ji mai walda ba ya gani, ko ƙafar kujera ba za a sake kawo masa ba. Don haka ya ɗaura tsumma a kan rufi, in ya ga yana kaɗawa sai ya kunna. Sai dai iskar layi daban, iskar tudu daban.

Mai ƙanƙara, wadda shagonta ke kallon nasa, ita ta fi kowa tsanarsa, don sau biyu kayanta na narkewa. Wata Talata da hantsi, ma'aikacin kamfani yana layin yana duba mitoci, ta hango Tartsatsi ya ɗaga kai sama, sannan ya miƙa hannu zai kunna inji. Fitila kuwa ja wur.

Ta tsallako titi ko takalmi ba ta saka ba.

"Kai Baba, wai kai ka fi ƙarfin doka ne? Ko da gangan kake so ka ga bayana?"

"Ke, ki iya bakinki. Na haife ki."

"Da ka haife ni, da na gudu. To kalli fitilar nan ka faɗa min me ta nuna!"

Ya kalla. Ya daɗe yana kallo. Sannan idonsa ya koma kan rufi, ita ma ta bi shi da ido, ta ga tsumman. Ta dubi rumfar da ba kowa.

Ma'aikacin ya ƙaraso, biro a hannu. "Lafiya? Tsohon ne kuma? Saura masa ɗaya fa."

"Taurin kai ne kawai," in ji ta. "Yana ganin ja sarai, neman magana yake. Amma bai kunna ba, jeka abinka."

Tun daga ranar, duk lokacin da fitila ta koma ja, sai a ji muryarta har ƙarshen layi: "Tsoho mai kunnen ƙashi, ka kunna ka gani!" In ta koma kore kuma: "Malalaci, mutane na aiki kana zaune!"

Shi ma ba ya barin ta. "Allah ya raba mu da bakinki," yake cewa, ya jawo tabarau, ya kunna.

Ba su taɓa gaisawa ba har yau. Mitarsa tana nan. Tsumman ma bai sauke shi ba, don ragowar yadi ne da ya tsinta a ƙarƙashin keken ɗinki.